Daga Lofen Kaka Zuwa Karan Sigari

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ku yi mini haƙuri, ci gaban littafinmu sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Abin da ya sa na ajiye shi kuwa, ziyarar da na kai wa kawuna ce a ƙasar Sakaba, na tarar da shi zaune kan tabarma yana tarin da har sai ya dafe ƙirji, ga kwalin sigari a gefen butarsa. Na ce, "Kawu, har yanzu?" Ya ce, "Kai yaro, taba ai gadonmu ce, kakanka ma da lofensa ya mutu." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin rabinta gaskiya ne.

Gaskiyar ita ce taba ta daɗe a ƙasashenmu. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, Turawa suka ɗauko ta bayan 1492, fatake suka yi ta yawo da ita har ta ƙetaro Sahara. A 1607 shahararren malamin nan na Tumbutu, Ahmad Baba, ya rubuta fatawa a kanta yana ganin halal ce, wasu malaman zamaninsa kuwa suka ce sam. Baturen nan Barth da ya zo Katsina a 1851 ya tarar ana noma ta. Tsofaffi su ɗura a lofe, wasu su daka ta da kanwa su cusa a leɓe, mata kuma su goge haƙora da furenta su haɗa da goro don kwalliya. Wannan ma ba lafiya ba ce, tana cin baki da dasashi, to amma sai ka noma ko ka jira ranar kasuwa, sai ka shanya, sai ka daka. Wahalarta ma tana rage yawan shanta.

Sigari kuwa baƙo ne na jiya-jiya. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, sannan Nigerian Tobacco Company ya buɗe ta Zariya a 1959, aka shiga raba wa manoma iri, ana sayen ganye a hannunsu. To mai karatu, dubi lissafin nan da kyau. Tun a 1950 wasu masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar sigari da ciwon dajin huhu. Ke nan shekara 9 cur da fitowar wannan labari aka kafa mana masana'antar Zariya. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da maganar, can mutane suka fara ja da baya, nan kuwa lokacin ne saurayi ke ganin bai waye ba in babu kara a bakinsa. Mu ma marubuta da 'yan fim muna da namu laifin, sau nawa muka nuna Alhaji mai kuɗi yana busa hayaƙi don a san ya isa?

Gwamnati ta farka, amma a makare. An yi dokar soja a 1990 da ta hana sha a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2007 gwamnatocin Kano da Legas da ta tarayya suka maka kamfanonin taba a kotu kan kuɗin jinyar marasa lafiya. A 2015 aka sa hannu kan dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai. Wannan ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci a ganina, don da kara ɗaya yaro ke farawa, nikotin ɗin ciki kuma ya riƙe shi har tsufa. Amma a kasuwar Dirin Daji da idona na ga mai tebur ya zaro kara ɗaya ya miƙa wa yaron da aka aiko, ko kallonsa bai yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya da ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, wato irin matar kawu da jikokinsa. Shi Doll ɗin nan ya bi rayuwar likitocin Ingila har shekara 50, a 2004 ya bayyana cewa mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Amma wanda ya bari yana da shekara 30 ya tsira da kusan dukkansu, mai 50 ya ceci 6, mai 60 ma ya ceci 3.

Wannan na ƙarshen na karanta wa kawu, don ya ba sittin baya. Ya yi shiru, ya ce, "Shekara uku, ai damina uku ke nan." Bai yi mini alkawarin komai ba. Da zan tafi dai ya miƙo mini kwalin ya ce in tafi da shi, saura kara huɗu a ciki, ashanar kuwa ya mayar da ita aljihu.