Dami

dami [damìi] sn., nj., jm. dammai, dammuna.

1. Zangarniyar gero ko dawa da aka haɗa aka ɗaure da igiya bayan girbi. Da shi manomi ke lissafin amfanin gona: ya samu ~ hamsin bana.

2. Ɗaurin abincin dabbobi busasshe: ~n harawa (ganyen wake ko gyaɗa), ~n ingirici, yakan yi tsada da bazara.

3. (sab.) Busasshiyar ciyawa da inji ya tattara, ya danne, ya ɗaure da zare; irin wannan dami ya fi na hannu matsewa da sauƙin jerawa: injin ɗaure ~ ya karye, an tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman ƙarfe da mai walda.

4. Abu mai yawa: ~n kuɗi.

Dubi: ƙunshi, ƙulli.