Majigi Ya Ɗauki Fuskokinsu, Bai Ɗauki Sunayensu Ba



Dattawan Nima da Maamobi ba su manta da daren majigi ba. Mota takan tsaya a fili bayan Isha'i, a kafa farin ƙyalle, yara su zauna a gaba. Tun daga 1948, lokacin da aka fara koyar da aikin fim a Accra aka kuma kafa Gold Coast Film Unit, gwamnati da kamfanoni suka duƙufa ɗaukar fina-finan aiki: noman koko, sarar katako, lodin jirage a Takoradi. Bayan samun 'yanci a 1957 kamara ta koma kan tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, da madatsar Akosombo da aka kammala a 1965.

Manufarsu ita ce yabon inji da ci gaba. Mai sharhi yakan ambaci sunan injiniya da nauyin kaya, ya wuce. Amma a dubi gefen hoton: wa ke ɗauke da buhu a ka? Wa ke riƙe da shebur, wa ke gadin ƙofa? Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Arewa, da ƙasar Hausa, da Zabarma, da Mosi, waɗanda zangunanmu suka saukar. Bafaranshe Jean Rouch ya juyo da kamara kansu kai tsaye a fim ɗinsa Jaguar, inda ya bi wasu samarin Nijar zuwa Accra da Kumasi neman arziki.

Akwai masu tara kayan tarihi a Turai da ke neman irin waɗannan fayafayai. Gida kuwa ya yi sakaci: bayan an sayar da mafi yawan hannun jarin Ghana Film Industry Corporation a 1996, fina-finai da dama sun lalace. Wasu sun tsira ne saboda an adana asalinsu a Landan, kuma Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, ya shafe shekaru yana fafutukar ceto su.

Mai tarawa ya mallaki faifai, amma bai san sunan ɗan dakon da ke ciki ba. Mu ne ke da wannan ilimi, kuma yana ƙirjin tsofaffin da ake yi wa jana'iza ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ci karo da irin wannan fim a intanet, ya kai wa kakansa ya kalla, ya rubuta sunan da ya ambata da garin da mutumin ya fito.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Amin.