Daga Misira Zuwa Majalisun Ungogo: Tarihin Karta da Wasan da Ake Ci Tare

Yau hirar tamu a kan karta ce. Na san wani zai ce, to mu da muke maganar matasa me ya kai mu karta? Ku zagaya Bachirawa, Rijiyar Zaki ko Fanisau bayan la'asar, ku ƙirga majalisun da ake buga Whot a kan benci. Abin da ke cinye wa samari awa uku a rana ai ya isa a san asalinsa.

Masana tarihi da yawa suna kai asalin karta ƙasar Sin, zamanin daular Tang, wajen ƙarni na 9. Amma wadda ta haifi kartar da duniya ta sani a yau daga Misira ta fito, lokacin Mamalik, waɗanda suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517. A 1939 wani masani, L. A. Mayer, ya ci karo da ragowar kartarsu a fadar Topkapi da ke Istanbul. Gida huɗu gare ta: kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar holo. Babu hoton mutum a jiki, sai zane da rubutun Larabci, manyan ganyayen kuma su ne sarki da na'ibansa. Turai ba ta ga karta ba sai wajen shekarun 1370, kuma zuwa 1377 har an kafa mata doka a birnin Florence. Kun ga ke nan rigimar karta da hukuma ba a Kano aka fara ta ba. Har gobe mutanen Sifen naipes suke ce mata, kalmar da ake dangantawa da na'ib ɗin nan na Larabci.

Whot kuwa ɗan Ingila ne ya ƙirƙiro ta, William Henry Storey na garin Southend, a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓi buga ta. Ta girmi Uno nesa, domin ita Uno sai 1971 wani mai aski, Merle Robbins, ya fito da ita a jihar Ohio ta Amurka. A Ingila yayin Whot ya wuce, a Najeriya kuma ta samu gindin zama. Mu muka ƙara mata yaji: ganye mai lamba 2 na gaba ya ɗauki biyu, 8 a tsallake shi, 14 kowa ya tafi kasuwa.

Duk wannan doguwar tafiyar, tsarin ɗaya ne: mutum guda ya ci, sauran su sha ƙasa. Sabon shiga shi ke kwana ciki. A jera masa pik-tu har hannunsa ya kasa riƙe ganye, a yi masa dariya, gobe ba zai dawo ba. Ga ƙwararrun kuma, idan cin juna ya daina daɗi, sai wani ya ce a ɗora ɗari biyu. Daga nan an shiga caca, wadda addini ya haramta, kuma ita ce ta ɓata wa karta suna a gidajenmu.

To a 2008 wasu wasanni biyu suka sauya lissafi. Donald Vaccarino ya fitar da Dominion, inda kowa ke farawa da ganye 10 marasa ƙarfi, yana sayen wasu yana gina tarin kartarsa a cikin wasan. Matt Leacock kuma ya fitar da Pandemic, inda 'yan wasa duka ƙungiya ɗaya ce mai yaƙi da annoba: ko a ci tare ko a faɗi tare. Dabarar da ta fi burge ni a Pandemic ita ce ganyen ɓarkewar cuta. Shi ne mafi haɗari, amma ku za ku zaɓi nawa za ku cusa a tarin: 4 ga masu koyo, 5 ga matsakaita, 6 ga gwanaye. Haɗarin yana nan, an dai auna shi daidai ƙarfin masu wasa. A 2010 Antoine Bauza na Faransa ya kawo Hanabi, wadda kake riƙe ganyenka fuskarsa na kallon abokanka, kai ba ka gani, sai su yi maka ishara. Ta ci babbar kyautar wasanni ta Jamus a 2013.

Bahaushen Ungogo ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Aikin gayya ke nan: gona ɗaya, fartanya da yawa, ana tsere da rana. Don haka ga shawarata, da Whot ɗin da ke aljihunku.

Ku zauna ku huɗu, a raba ganye biyar-biyar, a buɗe ɗaya. Burinku shi ne kowa ya ƙarar da hannunsa kafin kasuwa ta ƙare, ba a sake cakuɗa ta, kuma ba mai faɗa wa wani abin da ya riƙe. Nan take 14 ta zama wuƙa mai baki biyu. Tana ba ka damar sake jefawa, amma tana ƙara wa abokanka uku kaya. Ku yi lissafi: kartar ganye 54 ce, an raba 20, an buɗe ɗaya, saura 33. Akwai 14 guda huɗu. Idan duka suka sauka kowa na cikin wasa, ganye 12 sun tafi, fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar.

Ga masu koyo, ku cire 14 guda biyu. Kasuwa ta koma 31, asarar da 14 za ta jawo ba ta wuce 6 ba. Ku bar lamba 5 ta zama ganye kawai, ba ɗaukar uku. Ku bar lamba 20 ɗin nan guda biyar duka, domin su ne masu ceto. Sai dai a kula wajen kira: da'ira da mai kusurwa uku ganye 12-12 ne, kuros da murabba'i 9-9, tauraro 7 kacal. Wanda ya jefa 20 ya kira tauraro don shi ke hannunsa, ya iya tura abokansa uku kasuwa a jere. Sannan kada a boye 14 zuwa ƙarshe da sunan tsoro, sai dai a jira lokacinta: idan abokai biyu sun gama, ganye ɗaya kawai za ta ci. Kun ci sau uku a jere? Ku mayar da 14 ta uku.

Doka ta ƙarshe ita ce mafi wuya: gwani ya kama bakinsa. Idan mutum ɗaya ke juya hannun kowa, an tashi daga gayya an koma ƙwadago. Ku bar ƙaninku ya jefa 14 a inda bai dace ba, a faɗi tare, a sake rabawa. A wasan da ba wanda ya ci wani, babu inda za a ɗora kuɗi.

Ku gwada a majalisarku cikin makon nan, kuma in an kira salla a kife ganye.