Dogon Ƙauran Namoda: Yadda Ya Zo da Yadda Ya Mutu

Tunda bana ma Allah Ya nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, muka ga ya dace mu waiwayi wata hanya da iyayenmu suka ci abinci a kanta, wadda yaranmu na yanzu ba su san ta ba sai a bakin dattawa. Muna nufin dogon jirgin ƙasa na Zariya zuwa Ƙauran Namoda.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da Turawan Ingila suka ga irin gyaɗar da ta riƙa kwarara tashar Kano, sai suka fara neman inda za su miƙa rassa. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya kai Gusau a 1927, sannan ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. Ɗan uwansa na gabas, wanda ya tashi daga Kano, ya kai Nguru a 1930.

Dalilin shimfiɗa shi ba ɓoyayye ba ne. Auduga da gyaɗa da fatu da ƙiraga ake so a kwashe zuwa bakin teku a Ikko. Don haka aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sikeli kusa da tashoshi. Garuruwan bakin dogo suka cika da baƙi: 'yan dako, dillalai, masu masauki, ma'aikatan reluwe daga kudu.

Mu ma da ke arewa da iyaka mun sami rabonmu. Ƙaura ita ce ƙarshen dogo, kuma daga nan hanya ta miƙe ta Shinkafi da Isa da Sabon Birni har ƙasar Gobir. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake koro shanu da ƙafa kwana da kwanaki, a loda su a tarago, su isa kasuwannin kudu kafin su rame. A dawowa kuma a taho da goro da atamfa da kananzir, raƙuma da jakuna su ƙarasa da su gida.

Sai dai dogon ya tsaya nan. An sha maganar kai shi Sakkwato, daga baya har aka riƙa ambaton Illela, daura da Birnin Ƙwanni, amma maganar ba ta wuce takarda ba. Shekarar da ya isa Ƙaura ita ce shekarar da kasuwar duniya ta faɗi, farashin amfanin gona ya karye. Bayan Nguru, ba a sake wani babban aikin dogo a Arewa ba sai na Barno, wanda ya kai Maiduguri a 1964. Su kuma Faransawa ba su so gujiyar Nijar ta ci gaba da bi ta ƙasar Ingilishi. A shekarun 1950 suka fito da tsarin sauƙaƙa kuɗin mota, don a kai ta Paraku a ɗora wa jirgin Kwatano. Kowace gwamnati ta ja kaya zuwa tashar ruwanta, mu maƙwabta aka bar mu da jaki.

Mutuwar dogon ba rana ɗaya ta zo ba. Farin 1973 da 1974 ya cinye amfani da dabbobi a ɓangarorin biyu. A 1975 cutar gyaɗa ta ƙarasa abin da ya rage. Kuɗin man fetur suka shigo Najeriya, aka zuba kwalta, tirela ta fara zuwa har ƙofar sito. Ɗan kasuwa ya ga ba sai ya jira tarago mako guda ba. Hukumar jiragen ƙasa kuma ta kasa sabunta kawunan jirgi da gyaran gadoji. Jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, har mutane suka daina sauraron kukansa. An yi ta alkawarin gyara, an ma taɓa aikin, amma yau ba wanda yake lissafin kayansa da jirgin Ƙaura.

Abin da muka fahimta shi ne, an gina dogon nan kan kaya iri biyu ko uku masu tafiya teku. Da suka ƙare, ba abin da ya riƙe shi. Cinikin da ke tsakaninmu na yau da kullum, wato wake, albasa, dabbobi, hatsi da kayan masarufi, ba a taɓa tsara shi dominsa ba.

Wannan ya shafe mu yanzu, domin a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Karon farko ke nan da dogo zai tsallaka iyakar nan tamu. Amma mun ga an rufe iyaka a 2019, mun kuma gani a 2023, kuma mun san albasar da ta ruɓe a kan motoci. Jirgi ma ba zai wuce ƙofar da aka kulle ba.

Don haka muna roƙon shugabanninmu su nemi zama da hukumomin ƙasashen biyu tun kafin a gama aikin. A tanadi wurin lodin dabbobi, a yi sito a ƙananan tashoshi, a yarda ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ashirin ya haɗa tarago da 'yan uwansa, duwan da kwastam su duba kaya wuri guda. In ba a yi haka ba, muna tsoron kada jikokinmu su zo suna rubuta tarihin dogon Maraɗi kamar yadda muka rubuta na Ƙaura.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a nemanmu, amin.