Sake gina ƙungiya (ƙwallon kwando)

Sake gina ƙungiya tsari ne da ƙungiyoyin gasar NBA ta Amurka ke bi idan suka ga ba za su lashe kofi nan kusa ba. Babbar tambayar a irin wannan lokaci ita ce ko a rabu da gwarzon ƙungiyar ko a riƙe shi.

Yadda ake musaya

A ƙwallon ƙafa sayar da ɗan wasa ake yi da kuɗi, amma a NBA musaya ake yi. Ƙungiya kan ba da gwarzonta, ta karɓi matasan 'yan wasa da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara.

Misalai

A shekarar 2019, Oklahoma City Thunder ta ba Los Angeles Clippers Paul George, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da guraben zaɓe biyar na zagayen farko. Ta lashe kofin 2025, Shai kuma ya zama gwarzon kakar.

Houston Rockets kuwa ta riƙe Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, lokacin da ya nemi tafiya a 1992 saboda saɓani kan kwantiragi. Shi ya jagorance ta ta ci kofi a 1994 da 1995.

Muhawara

Masu goyon bayan musaya na cewa darajar ɗan wasa na raguwa idan ya manyanta, kuma in kwantiraginsa ya ƙare zai iya tafiya ƙungiya ta tashi a tutar babu. Masu adawa kuwa na ganin ba kowane matashi ke zama gwarzo ba, kuma shekarun shan kashi kan kori 'yan kallo.