Tarihin Sana'ar Haɗa Sauti: Daga Ƙahon Garmaho Zuwa Kwamfutar Cikin Ɗaki

Haɗa sauti, wato aikin daidaita muryoyin mawaƙa da amon kayan kiɗa domin su fito a matsayin waƙa guda mai daɗin saurare, sana'a ce da ta zo a makare idan aka kwatanta ta da na'urar ɗaukar sauti kanta. Tun daga 1877, lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta farko a Amurka, har zuwa 1925, ana ɗaukar waƙa ne ta wani babban ƙaho da ke tattara amo ya kai shi ga allura, ita kuma ta zana shi, galibi a jikin kaki. A wancan zamani babu abin murɗawa domin a ƙara ko a rage wani sauti, saboda haka daidaitawar duka a tsayuwar mutane take: mai ƙaramar murya ya matso bakin ƙahon, mai busa ko mai ganga ya ja da baya, in kuwa wani ya yi kuskure sai kowa ya koma farko. Shigowar makirufo da lantarki a 1925 ta ba injiniya damar sarrafa ƙarfin kowane makirufo daga inda yake zaune, amma duk da haka hukuncin da ya yanke a lokacin da ake rera waƙar shi ne ke zama a faifai, babu gyara bayan an tashi.

Abin da ya sauya wannan hali shi ne zaren maganaɗisu, irin wanda daga baya aka sani a cikin kaset. Kamfanin AEG na Jamus ne ya nuna na'urarsa mai suna Magnetophon a Balin a 1935, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kai fasahar Amurka, inda kamfanin Ampex ya fitar da tasa a 1948. Zare yana yankuwa, yana haɗuwa, ana kuma iya goge shi a sake ɗauka, amma babbar fa'idarsa ita ce ana iya raba faɗinsa zuwa layuka, kowane layi ya ɗauki sautinsa daban. Makaɗin jita Les Paul, wanda ya daɗe yana ɗora murya kan murya a gidansa tare da matarsa Mary Ford, ya karɓi na'ura mai layi 8 daga Ampex a 1957. Daga nan ne ɗaukar waƙa da haɗa ta suka zama ayyuka biyu mabambanta, domin ana iya ɗaukar ganga yau, murya gobe, a bar shawarar yadda za su zauna da juna sai wata rana. Ƙarancin layuka ya ci gaba da tilasta wa masu aikin yin dabara: lokacin da ƙungiyar Beatles ta ɗauki kundin Sgt. Pepper a Landan a 1967, na'urori masu layi 4 kawai take da su, sai ana cika layukan a tattara su cikin layi ɗaya ko biyu na wata na'urar domin a sami gurbin ƙari, kuma duk abin da aka tattara ta haka ba ya sake rabuwa.

A shekarun 1970 manyan situdiyo sun kai ga layi 24, kuma a wannan lokaci ne kayan aikin mai haɗa sauti suka zaunu yadda aka san su har yau. Akwai maɓallin da ake turawa sama ko ƙasa domin ƙarfin kowane layi, akwai wanda ke karkata sauti zuwa lasifikar dama ko ta hagu, sannan akwai matacin amo, wanda ke rage kauri ko ƙara kaifin wani sauti domin kada jita mai kauri da babbar ganga su danne juna. Akwai kuma na'urar matse sauti, wadda ke rage tazarar da ke tsakanin inda mawaƙi ya ɗaga murya da inda ya sassauta, da na'urorin amsa-kuwwa da ke sa mai saurare ya ji kamar a babban zaure aka yi waƙar. Duk waɗannan ƙarafa ne masu tsada da nauyi, shi ya sa manyan kamfanonin faifai ne ke da iko da su, kuma mawaƙi yana biyan kuɗin situdiyo ne bisa sa'o'in da ya ɓata a ciki. Abin lura shi ne mutanen da suka fara nuna cewa teburin haɗa sauti shi ma abin kiɗa ne ba a irin waɗannan manyan wurare suke ba. Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, mai gyaran kayan lantarki ne a unguwar Waterhouse da ke birnin Kingston na Jamaika, kuma a ƙaramin ɗaki, da tebur mai layi 4, ya riƙa cire muryar mawaƙi yana mayar da ita, yana barin ganga da jita mai kauri su tsaya su kaɗai cikin amsa-kuwwa, har hakan ya zama salon kiɗa mai zaman kansa da ake kira dub.

Ƙofar gida ta buɗe sosai a 1979, da kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio, akwati guda mai ɗauke da ƙaramin teburin haɗawa da layi 4 a kan kaset na yau da kullum. Sautinsa bai kai na situdiyo ba, ga shuwar zare da ake ji a ƙarƙashin waƙa, kuma an yi shi ne domin mawaƙi ya gwada waƙoƙinsa kafin ya je inda za a ɗauke su da gaske. Sai dai mawaƙi Bruce Springsteen ya ɗauki wasu waƙoƙi da shi a gidansa da ke jihar New Jersey, da aka sake ɗaukar su a babban situdiyo kuma ya ga ba su kai na kaset ɗin armashi ba, sai aka fitar da na gidan a matsayin kundin Nebraska a 1982.

Kwamfutar gida ba ta shigo wannan fage da ɗaukar sauti ba, da ba da umarni ta fara. A 1983 Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland suka jagoranci samar da MIDI, wata ƙa'ida da ke bai wa fiyanon lantarki na kamfanoni dabam-dabam damar fahimtar juna. Saƙon MIDI ba sauti ba ne, bayani ne kawai na wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, kuma yaushe aka sake shi, saboda haka ƙaramar kwamfuta ma tana iya adana shi ta kuma gyara shi. Kwamfutar Atari ST ta 1985 ta zo da mahaɗar MIDI a jikinta, a kanta ne kuma kamfanin Steinberg na birnin Hambug ya fitar da manhajar Cubase a 1989, wadda ta shimfiɗa waƙa a allo daga hagu zuwa dama, layi bisa layi, tsarin da kusan kowace manhaja ta kwaikwaya daga baya. Ɗaukar sautin kansa ya biyo baya ne da kwamfutoci suka yi ƙarfin sarrafa lambobi masu yawa, domin mayar da amo lambobi a ingancin faifan CD yana buƙatar a auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Pro Tools na kamfanin Digidesign ya fito a 1991 da layi 4 kacal, a kan kuɗi kusan dala 6,000, sannan a 1996 Steinberg ya ƙirƙiro VST, tsarin da ya ba kowane mai rubuta manhaja damar ƙera matacin amo ko na'urar amsa-kuwwa da za a liƙa cikin babbar manhajar. Wannan mataki, fiye da kowane, shi ne ya mayar da ƙarafan da ke cika ɗaki hotuna a allo.

Manhajoji biyu na ƙarshen shekarun 1990 sun fi sauran tasiri a ƙasashen da ba su da manyan situdiyo. Ta farko ita ce FruityLoops, wadda Didier Dambrin ya rubuta wa kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, aka kuma sauya mata suna zuwa FL Studio a 2003. Ƙwararru sun raina ta da farko suna ganin abin wasa ce, alhali sauƙin nata shi ne ƙarfinta, tunda yaron da bai taɓa koyon kiɗa ba yana iya danna ƙananan akwatuna a allo ya jera bugun ganga, ga shi tana aiki a kwamfuta mai rauni, kuma kwafinta na sata ya bazu ko'ina. Ta biyu ita ce Auto-Tune ta 1997, wadda Andy Hildebrand, injiniyan da ya taɓa aikin nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa a harkar haƙar man fetur, ya ƙera domin gyara muryar da ta kauce wa kari ba tare da mai saurare ya gane ba. Da aka saita ta ta yi gyaran nan take a waƙar Believe ta Cher a 1998, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki da wani amo irin na inji, kuma abin da aka yi domin ɓoye aibi ya koma ado da ake nema da gangan.

A ƙasar Hausa wannan sauyi ya shigo ne ta masana'antar fina-finan bidiyo ta Kano, wadda ta soma da Turmin Danya a 1990. Waƙoƙin fina-finan sun dogara ne da fiyanon lantarki, musamman na kamfanin Yamaha, wanda ke ɗauke da kwaikwayon amon sarewa da ganguna da kayan tsirkiya, har jama'a suka riƙa kiran salon da kiɗan fiyano, kuma karɓuwar da waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 suka samu ta ƙara tabbatar da shi. Da kwamfuta da manhajoji suka iso, ƙananan situdiyo suka yawaita a wurare irin su titin Gidan Zoo, inda mutum ɗaya ke zama makaɗi, injiniya, kuma mai haɗa sauti, yana yi wa mawaƙan fim da sha'irai da mawaƙan siyasa da na biki aiki a kujera guda. An sami arha da sauri, matasa da yawa kuma sun shiga waƙa ba tare da sun gaje ta ba, amma an yi asarar wani abu da ba a cika ambata ba. Makaɗin kalangu, irin waɗanda suka raka Mamman Shata, yana matse tsirkiya a hammata ya sassauta domin gangar ta bi hawa da saukar maganar mawaƙi a daidai lokacin da yake yin ta, wannan amsa-amsa tsakanin mutum biyu kuwa ba ta samuwa daga amon da aka adana a maɓalli, wanda yadda ya fito jiya haka zai fito gobe.

Abu biyu ne manhaja ba ta iya sauƙaƙa su ba, wato ɗaki da kunne. Sauti mai kauri yana da dogon zango, wanda ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawonsa ya haura mita 3, don haka a ƙaramin ɗaki yana dukan bango ya dawo ya haɗu da kansa, ya yi yawa a wani lungu ya ɓace a wani, soson da ake mannawa a bango kuma sauti mai kaifi kawai yake sha. Mai haɗawa a irin wannan ɗaki yakan gyara aibin ɗakin yana zaton na waƙar ne, shi ya sa masu gogewa ke gwada aikinsu a mota da wayar hannu da ƙaramar rediyo kafin su sake shi. Yawan layuka marasa iyaka ma ya zo da nasa ciwon, domin wanda ba abin da ke tilasta masa yanke hukunci yakan yi ta tara sauti yana matse su har waƙar ta rasa numfashi. Gasar fin ƙara da aka yi ta yi a shekarun 2000 ta kai har magoya bayan ƙungiyar Metallica suka yi ƙorafi a fili kan kundin Death Magnetic na 2008, ba ta kuma lafa ba sai da dandalolin saurare irin su Spotify suka fara daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, ta yadda matsewar ta daina ba kowa fifiko. Kundin mawaƙiya Billie Eilish na 2019, wanda ya lashe manyan kyaututtukan Grammy a 2020, shi ake yawan kafa hujja da shi cewa ɗakin kwana ya maye gurbin situdiyo, kuma gaskiya ne ɗan'uwanta Finneas ya ɗauke shi a ɗakinsa a gidan iyayensu da ke Los Angeles da manhajar Logic. Sai dai bayan an gama ɗauka, an tura layukan ga ƙwararren mai haɗa sauti Rob Kinelski, daga hannunsa kuma suka wuce ga John Greenham, wanda ya yi musu gyaran ƙarshe kafin a fitar da su kasuwa.