Ƙusar da likitoci ma suka fara ƙi

Da ƙanena ya faɗi da babur ya karye a ƙwauri, likita ya ce za a sa mishi ƙusa cikin ƙashi. Inna ta ce, "Ƙusa? Ɗan nawa ƙyaure ne?" Ta fi son a kai shi wurin maɗori. Ban ga laifinta ba, don likitocin Jamus ma haka suka yi da farko.

A shekarar 1939, a garin Kiel, likita Gerhard Küntscher ya zura dogon ƙarfe cikin ramin ɓargon ƙashin cinya. Da ya kai bayanin aikin taron likitoci a Berlin a 1940, manya suka yi mishi ca. Yaƙin duniya na biyu ya raba gardama: sojojin Amurka da Jamusawa suka kama sun koma gida bisa ƙafafunsu, hoton ƙashi ya nuna ƙarfe a ciki.

Sai dai ƙusar farko tana da aibi. In ƙashi ya farfashe, yakan murɗe ko ya gajarce a kanta. A shekarun 1970, Klemm da Schellmann a Jamus, da Grosse da Kempf a Strasbourg, suka fito da mai huda sama da ƙasa, wadda ake kullewa da ƙananan ƙusoshi a gicciye. Irinta aka zura wa ƙanena ta gwiwa.

Iyaye, ba a cika sa wa ƙananan yara ita ba, kada a taɓa wurin da ƙashi ke girma. Inna kuwa har yanzu takan tambaye shi ko ƙarfen na yi mishi sanyi da hunturu.